Ruwan Kwalba

Gidanmu gidan magina ne. Kakana tulu ya gina har ya koma ga Allah, Baba ma tulu ya gina, ni kuwa da na buɗe ido sai na tarar da yumɓu a jiƙe a bayan ɗaki yana jirana, ba wanda ya tambaye ni ko ina so. Ƙauyenmu yana gefen Toranke, ta ɓangaren fadama, inda ƙasa take da danƙo. Da damina mu yi noman gandu kamar kowa. Da an kai amfani gida, samarin gari su ɗaure ƙunshinsu su tafi cin rani, mu kuwa a sannan ne namu aikin yake farawa, daga haƙo yumɓu da tattake shi da ƙafa har zuwa gini da shanya da toyi.

Toyin nan shi ya ɗaure ni. A bayan gari muke da matoya, wani fili da toka ta mayar fari fat. Mukan kife tuluna da tukwane a kan juna, mu rufe su da kara da yayi da busasshen kashin shanu, mu sa wuta da la'asar. Idan wutar ta ci ta faɗa, mutum ɗaya zai sa doguwar sanda ya zaro tulu yana ja wur, ɗaya kuma yana tsaye da tsintsiya da kaskon makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ya yi baƙi, ya yayyafa masa nan take. Tulun ya yi cuu, tururi ya tashi, jikinsa ya koma baƙi mai sheƙi. In aka yi jinkiri ya ɗan huce, makubar ba ta kamawa, sai ta bar masa dabbare-dabbare. Aikin mutum biyu ne, kuma tun da na yi wayo ni ne na biyun.

Ina da yayye maza biyu. Babban ya shiga soja lokacin yaƙi, da aka gama ya yi zamansa a can kudu. Mai bi masa ya zama yaron mota, sai dai mu ji an ce an gan shi a Wudil ya wuce. Su sun yi dabara, sun fita tun Baba yana da ƙarfinsa, tun fitar mutum ba ta zama abin magana ba. Ni auta, kafin in kai munzalin fita ƙofar ta riga ta rufe, domin idon Baba ya fara yana. Da farko sai ya riƙa kuskure bakin tulu da sanda. Daga baya muka yi musaya ba tare da kowa ya furta ba, ni nake zarowa, shi yake yayyafawa, yana bin zafin tulun da fuskarsa. Sau da yawa ƙafata ce take shan makubar, ban kuwa taɓa gaya masa ba. Ko tsohuwar akuyar Inna ta fi ni sakewa a lokacin, don ita ana kwance ta da safe.

Da a ce sana'ar tana ci da sauƙi. Amma shekarun nan ne langa da fanteka masu fenti suka cika kasuwar Gaya, ga tukunyar dalma wadda in ta faɗi ba ta fashewa. Sai in ɗaure wa jaki kaya tun da sassafe, in yini a rana ina kallon mata suna wuce ni zuwa rumfar masu kwanuka, da yamma in sake ɗaure rabin kayan in dawo da su. Tulu da randa ne kaɗai ake ɗan saya, saboda ruwan sanyi. Ina tafe bayan jakin ina jin haushin kowa, har da jakin.

Wata shekara ɗan ƙanen Baba ya zo ya yi rani a wurinmu, na samu na lallaɓa aka bar ni na je Kano na ɗan lokaci. Allah ya haɗa ni da aikin faskare a wata makarantar koyon sana'a. Akwai wani malami a can mai koyar da ginin tukwane, mutum siriri mai yawan fara'a, wanda ya yi karatu a ƙasar waje. Wata rana ina faskare kusa da rumfarsa na ga ya buɗe wani ƙaramin murhu, ya sa awartaki ya ciro ɗan kasko yana ja kamar garwashi, ya jefa shi cikin garin katako ya kife da bokiti. Na ajiye gatari na matso, domin zaro abu daga wuta da zafinsa ai aikin gidanmu ne. Da ya wanke kaskon sai na ga abin da ban taɓa gani ba a jikin yumɓu, santsi irin na kwalba, da launi, da wasu siraran layuka baƙaƙe da suka ratsa ko'ina.

Ya lura da irin kallon da nake yi, ya tambaye ni, na ce masa ɗan magina ne. Daga ranar in ya ga na gama faskare sai ya kira ni in riƙe masa wani abu. Ya gaya mini sunayen garin da yake haɗawa, duk da Turanci, duk daga waje ake kawo su. Da ya ga jikina ya yi sanyi sai ya yi dariya, ya ce ba wani asiri ba ne, kwalba ce ake narkarwa a jikin yumɓu. In mutum ya niƙa kwalba ta yi laushi, ya haɗa da kanwa don ta narke da wuri, ya sa farar ƙasa kaɗan don ta zauna, zai iya samun wani abu. Ranar da zan dawo gida ya ce da ni, "Samari, je ka gwada da abin da kake da shi a ƙauyenku. In ka kawo mini abin da ka yi da hannunka kafin ruwa ya sauka baɗi, zan sama maka wuri a nan." Maganar nan na ɗauko na taho da ita, kuma ita na yi ta juyawa duk tsawon daminar.

Na daɗe ina tsoron gaya wa Baba. Da kaka ta yi, muna zaune a zaure, na daure na faɗa masa. Na shirya wa faɗa, na ma tanadi amsoshina. Sai kawai ya ce shi ma ya gaji. Ya ce sana'ar da mutum zai kai kasuwa ya dawo da ita gida ta riga ta mutu, jana'iza ce kawai ba a yi mata ba. Bana zai rufe matoya, gonar ta ishe su shi da Inna, in na yi abin da zan kai wa malamin in tafi. Ban taɓa jin sanyi a raina irin na ranar ba. A kasuwar da ta biyo na sayo akwatin kwano a Gaya, shuɗi mai zanen furanni, na tura shi ƙarƙashin gado. Inna ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya sayi akwati tun bai mallaki abin da zai sa a ciki ba.

Baba kuwa ya cika maganarsa. Muka yi toyi ɗaya na sallama, daga nan ya koma zaman gindin darbejiyar ƙofar gida. Mutumin da ban taɓa gani hannunsa a bushe ba, sai ga shi ya yini yana murza carbi, yana amsa gaisuwar mutanen da ba ya ganewa sai sun yi magana. Na ga yadda ya fara ramewa, amma na kawar da kai, don ni hankalina yana kan kwalabe.

Na bi juji-juji har Ajingi ina tsintar kwalaben magani da na turare da na lemo. Yara suka riƙa bina suna dariya, wasu suka ce auta ya taɓu. In fasa su cikin tsumma, in daka, sannan in niƙa da ruwa a kan tsohon dutsen niƙan Inna, wanda ta rantse ba zai sake shiga madafinta ba. Niƙan kwalba azaba ne. Yatsuna duk suka tsattsage, in na yi alwala sai na cije leɓe. In tace garin da tsohon kallabi, in sake niƙa abin da ya rage, in sake tacewa. Kanwar in soya ta a kasko ta bushe, in daka. Na gano cewa in ban sa ɗan ƙaro a ciki ba, haɗin yana kakkaɓewa daga jikin yumɓu da zarar ya bushe. Inna ce ta raɗa masa suna ruwan kwalba, da gatse ta faɗa, amma sunan ya zauna.

Wutar kara ba ta narkar da kwalba, wannan na gane tun gwajin farko. Sai na je wurin maƙerin garinmu, abokin Baba ne tun suna yara. Ya ara mini tsohon zuga-zuginsa na fatar akuya, ya ƙera mini dogon awartaki, yana yi yana yi mini tsiya wai ɗan magina ya zo satar sana'ar maƙera. Na sami wata randa da gindinta ya tsage, na huda ta a gefe, na yaɓe ta da laka, na cika da gawayi. Murhuna ke nan, a bayan ɗakina.

Abin da ban lissafa ba shi ne wannan ma aikin mutum biyu ne. Ba yadda za a yi ina zuga kuma ina leƙa cikin randa. Inna ta gwada sau ɗaya ta ce kafaɗunta ba na haya ba ne. Ina nan ina fama, in zuga in tashi in leƙa in tarar wutar ta lafa, sai na ji takun sandar Baba a bayana. Ya laluba ya zauna a ƙasa, ya ce in miƙo masa. Ya sa hannu biyu ya fara zugawa, sannu a hankali, ba tsayawa, sai ka ce a maƙera aka haife shi. Yana yi yana tambayata wane irin ja cikin randar ya yi, na garwashi ne ko ya fara komawa ruwan ɗorawa. Ni in gaya masa, shi ya ƙara ko ya rage. Daga ranar bai sake zaman gindin darbejiya ba. Tun kafin in gama karyawa zan tarar da shi a gaban zuga-zugi yana jirana.

Mun ɓata kaya ba kaɗan ba. Wani ya fito da ƙaiƙayi-ƙaiƙayi kamar an barbaɗa masa yashi, kanwa ta yi kaɗan ke nan. Wani ruwan ya tsiyaye ya manne da gawayi, ta yi yawa. Wasu kuwa ina cirowa iska ta buge su sai su tarwatse. Baba ne ya ce in ƙara dakakken tsingaro a cikin yumɓun don ya jure, kuma in fara toya abin sau ɗaya kafin in shafa masa ruwan. Abu ɗaya ne ba zai iya taimakona da shi ba, wato sanin lokacin cirowa. Ruwan kwalba yakan fara kumfa, sannan ya kwanta, sannan ya yi wani ƙyalli kamar ruwan kududdufi da hantsi. A daidai nan ake cirowa, kuma ido ne kawai yake gane wurin.

Da muka fara samun kan abin, na ce zan yi 'yan kasake in kai wa malamin, irin wanda na ga ya yi. Baba ya ce sam. Ya ce kasko ai ko yaro ya gina shi, a gidan nan da tulu ake sanin magini, ɗansa ba zai shiga birni da kasko a hannu ba. Ni ma abin ya shige ni, don girman kai irin na magina ban rasa nawa kason ba. Na zauna na gina ɗan tulu daidai cikin randar, na ba shi wuya mai kyau, na shafe shi da ruwan kwalba ciki da waje. Garin kwalbar da na yi makonni ina niƙawa kusan duk a kansa ya ƙare. Ya fito kore shar, yana ɗaukar ido. Maƙwabta suka yi ta shigowa kallo.

Inna ta wanke shi ta cika da ruwan rijiya, ta ajiye a inuwa kusa da tsohuwar randarta. Da azahar ta ɗebo a moɗa ta kurɓa, sai na ga ta yamutsa fuska. Ta miƙa wa Baba, ya kurɓa, ya miƙo mini. Na karɓa na sha. Ruwan ɗumi ne, ga ɗanɗanon kanwa. Na shafa jikin tulun na ji shi a bushe ƙamas, na shafa randar Inna na ji ta a jiƙe da sanyi. Tulu ai da gumin da yake yi yake sanyaya ruwa, mu kuwa mun bi duk ƙofofin da yake numfashi mun toshe da kwalba. Abin da duk yarinyar da ke zuwa rijiya ta sani, mu gidan magina sukutum muka manta, saboda kyau ya rufe mana ido. Inna ta ce a ajiye shi, in an yi haihuwa a unguwa ya yi amfani wajen ruwan wanka. Baba ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba, domin zafi ya riga ya shigo, kuma ba zan kai wa mutum tulun da ba ya aikin tulu ba.

Na koma kan dutsen niƙa da yatsun da ba su warke ba. A kwanakin nan ko magana ba na son yi. In na ɗaga kai na ga ɗan gajimare ta gabas sai gabana ya faɗi, alhali duk garin addu'ar ruwa ake yi, don daminar da ta wuce ba ta yi kyau ba, rumbuna sun yi ƙasa tun da wuri. Ni kaɗai ne a ƙauyen nake roƙon Allah a ɓoye ya ɗan jinkirta.

Wannan karon kasake na gina, ƙanana masu faɗin baki. Na tuna malamin ya taɓa cewa jan ƙarfe yana ba da launi. Shekarar ce aka canza kuɗi, tsofaffin kwabbai masu huji suna yawo a hannun yara ana wasa da su. Na karɓi ɗaya na goge shi da magagarin maƙeri, na zuba garin a cikin haɗin. Da ƙyallin nan ya bayyana na ce wa Baba ya tsaya, na ciro kaskon na jefa shi cikin ƙaiƙayin gero, wuta ta tashi, na kife da tsohuwar tukunya. Hayaƙi ya turnuƙe mu, muna tari. Da ya huce na goge shi da toka da ruwa. Kore ne a gefe, tsakiyarsa kuwa ja mai walƙiya irin na sabuwar tasa, ga siraran layukan nan baƙaƙe inda ruwan ya tsattsage hayaƙi ya shiga. Wallahi ya fi wanda na gani a Kano. Na zauna a ƙasa riƙe da shi, na ji kamar na riga na hau mota.

Muka yi ta yi. Na zaɓi mafi kyau na naɗe su cikin rigunana na sa a akwati, sauran na jera su a gindin katanga. A nan wata dillaliya daga Balan ta gan su. Tsohuwar abokiyar cinikinmu ce, ita take karɓar tukwane in za a kai amarya, ta zo ne ma ta ji ko gaskiya ne mun daina. Ta tsuguna ta ɗauki ɗaya tana juya shi a rana. Na gaya mata gaskiya, na ce ba su da amfani, suna yoyo ta tsagar nan, in aka zuba miya sai ta ɗauki ɗanɗanon kanwa. Ta dube ni kamar na yi maganar yara.

"Ɗan magini, wa ya gaya maka ana cin abinci a kwanon jere? Kallo ake yi."

Ta kwashe su duka ta tafi. Ashe ta san abin da take yi. Langa ta riga ta zama ta kowa, duk ɗakin amaryar da ka shiga iri ɗaya ne jeren, har furen jikinsu ɗaya. Uwar da ta ɗora kaskon ruwan kwalba a saman jeren 'yarta kuwa ta sami abin da maƙwabciyarta ba za ta samu a rumfar masu kwanuka ba. Ba a jima ba dillaliyar ta dawo da jaki ɗauke da gero, ta ce a shekara irin wannan ta san hatsi ya fi mana amfani. Ta ce mutanen Gafasa ma sun aiko, kuma akwai bukukuwa a gaba. Ina tsaye ina kallon Inna tana juye geron nan a rumbun da ya kusa kaiwa ƙasa, ta kasa ɓoye murnarta, ni kuwa na ji wani abu ya tokare mini ƙirji.

Na yi ƙoƙarin samun wanda zan bar wa aikin. Ɗan ƙanen Baba ya zo ya yi yini biyu a kan dutsen niƙa, ya duba yatsunsa, ya ce shi noma ya fi masa. Inna ta iya haɗin sarai, har ta fi ni sanin yawan kanwa, amma ba za ta iya tsayawa a kan randa mai wuta da awartaki ba. Baba yana da hannu da sani, ba shi da ido. Duk ta inda na juya lissafin, ni yake faɗowa a kai. Duk da haka na ce zan tafi, domin alkawari aka yi mini, kuma ni na sha wuyar niƙan nan ba wani ba.

Ranar da zan tafi na tashi da wuri na jawo akwatina zuwa zaure. Iska ta riga ta juya, ana jin ƙanshin ruwa daga nesa. Inna ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da ɗan gari. Baba yana zaune a kan buzunsa. Na durƙusa na ce masa zan kama hanya. Ya ce in ba shi ɗaya daga cikin na akwatin ya taɓa. Sai a sannan na tuna cewa duk wannan aikin da muka yi tare bai taɓa ganin ko ɗaya ba. Na kwance riga na miƙa masa mai jan tsakiyar nan. Ya riƙe shi da hannu biyu, ya bi bakinsa da babban yatsa, ya shafa cikinsa a hankali, ya ƙwanƙwasa shi da farce ya kai kunne. Ya tambaye ni launinsa, na gaya masa.

"Ashe ba da ni za a binne sana'ar nan ba," ya ce, ba da ni yake ba, da kaskon yake. Sannan ya miƙo mini. "Tashi ka tafi, Auta, kada rana ta yi maka. Allah ya tsare hanya. Sai dai ka biya ka mayar wa maƙeri zuga-zuginsa, kayan aro ne."

Da ya hana ni, da na tafi. Wannan na tabbata, domin na daɗe da tanadin amsar da zan ba shi, kuma fushi yana ba mutum ƙafa. Amma bai hana ni ba, kuma na ji haushinsa a kan haka har cikin raina. Na zagaya bayan ɗaki na ciro zuga-zugin daga jikin randa. Inda yake riƙewa fatar ta yi laushi ta yi baƙi da gumin hannunsa, ga kuma ɗan gurbin da zamansa ya yi a ƙasa. Na saɓa shi a kafaɗa na fita. A hanyar maƙera dole in wuce ta gindin darbejiyar nan, na ga tabarmarsa a naɗe a jingine da itacen, inda ya bar ta tun farkon rani.

Na isa maƙera na yi sallama. Maƙerin ya ɗago ya ga abin da ke kafaɗata, ya ce to, tafiya ta tashi ke nan. Na tsaya riƙe da shi na kasa saukewa. Da na buɗe baki sai na ji kaina ina cewa fatar ce ta fara yoyon iska ta gefe, na kawo ne ya duba mini. Ya karɓa ya jujjuya, ya matsa, ya kalle ni. Ba inda take yoyo, mu biyun mun sani. Ya ɗan ɗaɗɗaure bakin da zare don kada in koma haka nan, ya miƙo mini.

Da na shiga gida Baba ya ji motsin fatar a kafaɗata. Ya laluba sandarsa ya tashi ya nufi bayan ɗaki. Na ce wa kaina bari a gama bukukuwan nan tukuna. Ruwa ya sauka, aka shiga noma, na ce sai baɗi. Baɗin ta zo da fari wanda ya fi na bara, kasaken nan ne suka riƙe gidan. Daga baya na haɗu da wani da muka yi faskare tare, ya ce mini an daɗe da mayar da malamin wani gari, rumfar ma an rushe ta. Baba ya yi shekaru yana zuga mini, kuma ba zan ɓoye ba, shekarun nan ya yi su cikin walwala, har ƙiba ya yi. Ni ma na yi aure, na haifi 'ya'ya, ban kwana da yunwa ba. Amma ban daina jin abin nan a ƙirjina ba duk sanda na ji ƙarar babbar mota daga nesa.

Akwatin bai yi zaman banza ba. Ba abin da ya fi shi dacewa da ɗaukar kasake, in na shimfiɗa ƙaiƙayi a ciki ko ɗaya ba ya fashewa. Duk ranar kasuwa in ɗora shi a kan jaki zuwa Gaya. Hanyar shiga kasuwar kuwa ta gefen tasha take bi, kuma yaran mota da sun hango mutum da akwatin kwano sai su yo kansa da gudu, wannan ya kama hannu ɗaya wancan ya kama ɗaya, suna cewa Wudil ne ko Kano. Shekara da shekaru suna yi mini haka, don yaran suna canzawa, sababbin ba su san ni ba. Kullum sai in riƙe akwatina in ce musu su bari, nan na tsaya.